Ɗoɗɗoyar Cikin Taya

Shekara talatin ina bisa kwalta,
Marwa zuwa Kuseri, Kuseri zuwa Marwa,
ban san sunan ganye ko ɗaya ba
sai wanda iska ta watso mini a hanya.

Ran da gwiwa ta ce ta gaji da kuloci
na miƙa makulli na sauko.
Abin da na fito da shi daga tasha:
buta, da tari, da tsohuwar taya.

Goggo Dudu mai kunun gyaɗa
ta ji tarin, ta ajiye ludayi.
Ta karyo reshe a bayan rumfarta,
ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma.
"Zage na ƙasa, ka bar ganye huɗu,
kada rana ta gan shi sai ya kwana bakwai.
Ba a sayar da ita, Direba,
kyauta take kamawa, ɗoɗɗoya."

Gindin darbejiya, a gidanmu na Domayo,
na kwantar da tayar, na cika cikinta:
yashin mayo kwano uku, baƙar ƙasa biyar,
da takin bara wanda ya huce,
don ɗanyen taki wuta ne ga jijiya.

Kwana tara tana langaɓe
kamar yaron mota a daren Waza.
Na goma, ga tsiro biyu, kunnen ɓera.
Na tsuguna, na kasa tashi,
Hurera na bakin murhu tana dariya.

Sai rani ya zo da nasa lissafi.
Famfo ya yi shiru, Kaliyawo ya zama fili,
muna tonon yashi har gwiwar hannu
kafin ruwa ya taru, ja, a hankali.
Na koyi yin alwala a bisa kwano,
abin da ya zuba daga gemu nata ne.
Da asuba take sha, ko bayan la'asar,
ruwan tsakar rana dafa ta yake yi,
wannan sai da na ƙona rassa biyu na gane gaskiya.

Wata Laraba na dawo daga jana'iza
na tarar da kututture, tsirara.
Na ɗauki hula zan tafi gun lawan
ƙarar Garga da baƙar akuya.

Goggo ta ce, "Zauna ka sha kunu.
Aski aka yi mata, ba yanka ba."
Mako uku, inda reshe ɗaya ya tafi
huɗu suka fito suna turereniya.
Duk da haka na kewaye ta da ƙaya.

Fure na fitowa nake tsinke shi,
mai son ganye ba ya barin ta yi ado.
Reshe guda nake ƙyalewa, na gabas,
saboda ƙudan zuma da irin baɗi.
Farcena kore ne, ƙamshin na bin riga,
har a sahu ana waiwaya.

Yanzu sallama ba ta yankewa.
Mai mura, mai kumburin ciki, mai jego,
ganye bakwai, ruwan zafi, a lulluɓa da zane.
In jikin yaro ya yi zafi kwana biyu
ba na tsinka, babur nake kira,
ganye ma ya san iyakarsa,
sauran na asibiti ne da malaman jinya.

Bara Goggo ta rasu, aka rushe rumfar,
bulo ya hau inda uwar take.
Jiya jikarta, Fanta, ta yi sallama,
tsumma a hannu, ta riga ta jiƙa shi.
Na zaɓi reshen da ya fi kauri,
wuƙar na rawa, ban san dalili ba,
na ce ta bar ganye huɗu,
ta ce ta sani tun tana yarinya.

Da asuba nakan ji manyan motoci
suna canja giya a hanyar Mora.
Ƙafar hagu takan motsa da kanta.
Sai in ɗauki kwano in zagaya baya,
shekara ta bakwai ke nan, gindi ya yi itace,
saiwa ta huda ƙasa ta ƙarƙashin roba,
ko na so, ba ta ɗaguwa, tayar nan,
ta gama tafiya.